Ƙunshin da Ya Rage a Ɗakin Kaka

Daga Allah muke, kuma komai nisan da muka yi da gida, wurinSa za mu koma. Kakata, mahaifiyar Baba, ta rasu da hantsi a cikin sanyin bana, a gidanmu na haya da ke unguwar Gurda, a garin Sabha, can ƙasar Larabawa. Tana zaune a kan buzunta ne, shayin da Inna ta zuba mata bai ko huce ba.

Ban taɓa zaton labari yana gudu haka a garin da ba namu ba. Kafin a gama yi mata wanka layinmu ya cika da maza. Ba dangi ba ne, don danginmu a Sabha ba su cika tabarma biyu ba. Leburori ne, waɗanda ke zama a bakin shataletale da safe suna jiran motar da za ta ɗebe su aikin yini. Sun zo da siminti a gira da gashin baki, wasu da cebur a kafaɗa. Suka jingine kayan aikinsu a bangonmu, suka tsuguna. A ranar motocin masu gini sun yi ta zagaya shataletalen ba su sami wanda za su ɗauka ba.

Wani dogo, wanda Hausar ma a nan ya koye ta, ya riƙe hannun Baba ya ƙi saki. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Iya ya tafi. Mu ina?" Duk Iya suke ce mata, har waɗanda furfurarsu ta kusa tata. Matar mai gidanmu, tsohuwar Balarabiya da suka yi shekaru suna hira da Kaka, ko da yake babu wadda ta iya harshen 'yar'uwarta sosai, ta shigo ba takalmi, ta zauna a bakin ƙofa tana bugun gwiwarta. Ta ce wa Inna da Larabci, yanzu wa zai riƙa yi mata faɗa. Liman ya ce ya sallaci mutane da yawa a garin nan, amma bai taɓa ganin ana rububin ɗaukar makara kamar ana rabon albashi ba.

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Na lura dai idonsa yana ta komawa kan ƙofar ɗakin Kaka. Na san abin da yake gani, don ni ma shi nake gani.

Ɗakin cike yake da kayan mutane, daga ƙasa har rufi. Buhuna, akwatunan ƙarfe, barguna da aka naɗe aka ɗaure da igiya. Wurin kwanciyar Kaka bai fi faɗin tabarmar salla ba. Tun da arzikin mai ya buɗe, gari ya cika da gine-gine, mutanenmu suke ta ketowa ta hamada suna zuwa aiki. Mafi yawansu ba su da ɗaki. Suna kwana a cikin benayen da suke ginawa kafin a sa musu ƙofa, ko a gindin katanga, ko a ƙarƙashin motocin da suka lalace. Mutum ya yi wata da watanni yana ɗaukar bulo, ya sayi rediyo ko atamfa don iyalinsa, ba shi da inda zai ajiye. Sai ya kawo wa Kaka. Ba ta karɓar komai a kai. Ba ta kuma rubutawa, don ba ta iya ba. A kanta komai yake, kuma kan nan shi aka rufe da ƙasa a ranar.

Ran sadakar uku Baba ya sa liman ya yi shela: duk mai ajiya ya zo ya karɓa, don amana ba gado ba ce, kuma ba ya son uwarsa ta kwana a kabari da kayan wani a wuyanta. Suka shirya yadda za a yi. Mutum zai nuna ƙunshinsa, ya faɗi abin da ke ciki a gaban shaidu, sannan a kwance a duba. Haka aka yi ta yi, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da ya nuna abin da ba nasa ba. Kafin sadakar bakwai ɗakin ya zama fili, har muryar mutum tana amsa-kuwwa a ciki. Ƙunshi ɗaya ne ya rage a kusurwa. Kowa a gidan ya san mai shi. Kullum yana nan a wurin zaman makoki, a can ƙarshen tabarma, ƙafarsa ɗaya a miƙe. Ko kallon ɗakin ba ya yi.

Baffa muke ce masa. Ba mu haɗa jini ba. Kaka ce ta ce ɗanta ne, shi ke nan ya zama ɗan'uwan Baba, ya zama baffanmu. Don shi da ita nake wannan rubutu, domin ba na jin zan iya ba da labarin ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Amma bari in fara da ita.

Gajera ce, mai saurin tafiya, mai ƙaramar murya da ba ta tashi sai in ana maganar abinci. Ta zo Sabha da marigayi Kakana tun garin bai san kwalta ba. Ta ce makonsu na farko a tasha suka kwana, Kakana ya ɗaure jakarsu a ƙafarsa don tsaro, da gari ya waye igiyar ce kawai a ƙafar. A cikin jakar akwai zanen da uwarta ta ba ta ranar da za ta bar gida. Sau ɗaya ta taɓa ba ni wannan labarin, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. Abin da ta fi maimaitawa shi ne: "Wanda ba shi da ɗaki rabin barci yake yi, ido ɗaya na gadin kaya. In ba za ka iya ba shi ɗaki ba, ka ba shi ɗaya rabin barcin."

In mutum ya kawo ajiya, sai ta sa shi ya ɗaure da hannunsa a gabanta, ya faɗi garinsu da wanda ya saya wa kayan. Da wannan take kiransu. Da safe in tana kakkaɓe ƙura tana cusa kafur a tsakanin barguna, sai in ji tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar masu rai: na uban tagwaye, na mai neman aure, na wanda uwarsa ba ta gani. Na taɓa ce mata, tunda ina zuwa makaranta, ta bari in rubuta sunaye in liƙa.

Ta ce, "Ke dai ki je ki ci gaba da karatunki. Takarda 'yan sanda ke karantawa. Kaina kuwa babu mai karanta shi."

"To ran da kika manta fa, tsohuwa?"

"Ran da na manta, ke kin daɗe da zubar da haƙora."

Akwai kuma kwanon bango. Wani babban kwano ne da take ɗorawa a kan guntuwar katangar da ke bayan gidanmu kullum da azahar. Kowace mace a layin, in ta sauke tukunya, sai ta kai ludayi ɗaya ta zuba. Makaroni, shinkafa, wake, wani lokaci duk a haɗe, har da jar miyar Larabawa daga gidan mai gida. Mai tuya ƙosai ta kusurwa tana kawo abin da ya rage mata. Mai gidan burodi yana aiko da na jiya. Waɗanda ba su sami aiki a ranar ba su zo su ci, su wanke kwanon, su kife. Dokar Kaka ɗaya ce: ba a leƙawa. Ta taɓa kama wata amarya sabuwar zuwa tana leƙe ta kan katanga, ta ja ta da gefen zane ta ce, "Mai yunwa ba ya son ido. Kin ba shi ludayi ɗaya, kina so ki karɓi biyu?"

Ba kowa ne ya ji daɗin ɗakin ajiyar ba, kuma na farkon marasa jin daɗin shi ne Baba. Direba ne a wani kamfanin gini, yana da takardunsa cikakku, yana kuma tsoron abin da zai taɓa su. Wata shekara aka yi ta kame a unguwa, ana shiga gidaje ana tambayar iƙama, wato takardar zama. Baba ya dawo da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar ɗakin, hularsa a hannu.

"Iya, in suka shigo suka ga rediyo goma sha a ɗakin tsohuwa, me za mu ce? Cewa za su yi gidan ɓarayi ne. Ni za su ɗaure, ba ke ba."

"To ka fitar da su titi."

"Ban ce haka ba."

"Me ka ce? Faɗa mini da Hausa, ni ban iya Larabcin kamfani ba."

"Na ce masu su su zo su kwashe."

"Su kai ina? Ka taɓa kwana da igiya a ƙafa? Ubanka ya kwana. Kai kuwa a kan katifa na haife ka, shi ya sa bakinka ke da laushi."

Baba ya ce gidan da sunansa aka kama haya. Kaka ta miƙe. Ta naɗe buzunta, ta ɗauki butarta, ta fita ta zauna a gindin katangar kwano, a cikin rana. Ta ce tunda gidan mai suna ne, ita ma ta koma cikin marasa ɗaki. Matar mai gida ta fito ta same ta a can, ta shigo ta wanke Baba da Larabcin da ban taɓa ji a makaranta ba. Kafin la'asar Baba ya je ya durƙusa ya ɗauko butar da kansa. Bai sake tayar da maganar ba, amma bai daina jin tsoro ba, ita ma ta sani. Duk ran da aka ce ana kame, sai ta dafa masa dambun da yake so, ta tura masa ba tare da ta dube shi ba.

Baffa ya zo Sabha daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, da ƙarfinsa, ya bar matarsa da 'yarsu da ta fara tafiya. A watanninsa na farko ya sayi bargo, da ƙaramar rediyo, da turmin atamfa, da wani ɗan takalmin roba ja da bai fi tafin hannuna ba. Ya kawo wa Kaka ya ɗaure. Bai daɗe ba ya faɗo daga kan katakon gini. Ƙugunsa ya warke a karkace. Daga nan in motar aiki ta tsaya a shataletale, kafin ya miƙe ta cika ta tafi.

A bayan unguwarmu akwai manyan bututun siminti da aka jibge don aikin magudanar ruwa, aka bar su shekara da shekaru. A cikin ɗaya ya tare. Ya rataya buhu a kowane baki, ya shimfiɗa kwali. Da zafi bututun tanda ne, da sanyi kuwa ƙanƙara. Kaka ta yi ta fama ya dawo zaurenmu, ya ƙi. Ya ce bai bar gidansa don ya zama nauyi a gidan wani ba. Ko kwanon bango ba ya zuwa. Ya ce shi ba a taɓa ba ubansa sadaka ba. Sai Kaka ta riƙa ƙirƙiro masa aiki: ya fasa mata akwatunan katako don wuta, ya cire ƙwallon dabino, ya gyara igiyar shanya da ita da kanta ta kwance da safe. In ya gama ta ce, "Ga ladanka," ta ajiye masa kwano. Yana ci yana ƙorafin gishiri, tana ce masa in ya fi ta iyawa ga murhu nan.

Lokacin dabino yana bin motar gonaki zuwa Wadi Bawanis, ya yi tsinta a gindin itatuwa, ya dawo da ɗan abin da zai kai shi wani lokaci. Gida ne dai ba ya zuwa. 'Yan ƙauyensu suna komawa da akwatunan ƙarfe da agogo a hannu, shi kuwa ya ce ba zai shiga garinsu da ɗingishi da bargo ɗaya ba. Har yana roƙon masu komawa su ce ba su gan shi ba.

Rigimarsu mafi zafi a kan ƙunshin nan ce. Wata shekara tari ya kama shi, aiki ya yi wuya, ya zo ya ce ta ba shi kayansa zai sayar.

"Ba zan bayar ba."

"Iya, kayana ne."

"Na sani. Ba zan bayar ba."

"Kowa ya zo kina ba shi nasa."

"Kowa mota yake zuwa hawa. Kai kasuwa za ka. Ran da ka sayar da su, ɗan nan, ka sayar da hanyar gidanku. Ka zo mini da ƙafa ɗaya a kan taya, in ba ka."

"Wannan zalunci ne."

"To ka kai ni wurin 'yan sanda. Ka san hanya, kusa da bututunka ne."

Ya fita yana jan ƙafa, ya yi wata biyu ko fiye bai tako gidanmu ba. Kaka ta rame a lokacin. Ta riƙa dafa kunu da citta tana ba wani lebura ya kai masa, da sharaɗin ya ce shi ne ya dafa ya yi masa yawa. Ran da ya dawo, bai yi sallama da baki ba, sai ya tsaya yana duban igiyar shanya ya ce wane ne ya ɗaure ta haka kamar mai ɗaure akuya. Kaka ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, ta ce ai ga shi nan ya zo, sai ya gyara.

Bayan wannan rigimar ne ta fara abin da matan layinmu kaɗai suka sani. Wata rana ta dawo daga kasuwa da takalmin roba, ta kwance ƙunshin Baffa, ta sa a ciki, ta mayar da ɗaurin daidai yadda ya yi shi. Na tambaye ta. Ta ce, "Yarinya tana girma. Shi a ransa har yanzu tatata take yi." Kowace shekara in an kusa sallar layya sai ta sayo wanda ya fi na bara girma. Matan suka ji, suka shiga. Wannan ta kawo sabulu, waccan ɗankwali, wata kwanon sha mai fure. Matar mai gida ta kawo wani mayafi mai nauyi da turare. Inna ta sa zanen da Baba ya saya mata, ba ta taɓa ɗaurawa ba. Tunaninsu shi ne, in ƙunshin ya yi girman da namiji zai shiga gari da shi ba kunya, Kaka za ta san yadda za ta gaya masa. Ita ce ta iya shi. Babu wadda ta yi tunanin za ta riga shi tafiya.

A makon da ta rasu ne kuma motocin haƙa suka iso bayan unguwa. Bayan duk shekarun nan an tuna da bututun. Kullum ana ɗaga wasu ana binnewa, layin yana matsowa kusa da nasa. Tarinsa kuwa ana jin sa daga ƙarshen tabarma har cikin gida.

Washegarin sadakar bakwai, bayan la'asar, Baba da liman suka je suka zo da shi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mu mata muna daga ƙofar kicin, da matar mai gida da mai ƙosai da wasu maƙwabta.

Liman ya ce, "Malam, ka san yadda ake yi. Faɗi abin da ke ciki."

"Bargo. Rediyo ƙarama. Atamfa turmi ɗaya. Takalmin yarinya."

Baba ya shiga ya jawo ƙunshin da hannu biyu, yana nishi. Baffa ya dube shi, ya dubi igiyar.

"Ɗaurin nawa ne," ya ce. "Amma nawa da hannu ɗaya na kawo shi."

Aka kwance. Ƙamshin kafur da turare ya tashi. Liman ya riƙa fitar da kaya yana jerawa, kuma da yake bai san komai ba, sai ya jera takalman a gefe ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Na ƙarshen zai shige ni. Baffa ya daɗe yana kallonsu. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan jan, ya riƙe.

"Wannan ne nawa. Sauran na wani ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Iya ta tsufa. Ta haɗa kayan wani bawan Allah da nawa, ba da saninta ba. Ku yi shela a nemo shi. Kada ku bari a ji a waje, kada a ce ta rikita amana."

Inna ta kama hannuna ta matse. Shekaru Kaka tana riƙon kayan mutane, ko allura ba ta taɓa ɓata ba, ga shi alherin da aka yi a ɓoye zai sa a ce ta rikice. Matar mai gida ce ta fara magana. Ta nuna mayafin, ta bugi ƙirjinta. Mai ƙosai ta ce sabulun nata ne. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa, kowace kanta a ƙasa kamar an kama ta da sata.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta rufe haka ba. Baffa ya ce, "Ashe sadaka ake tara mini. Ina fasa katako ina cewa ladana nake ci, ashe duk layi an san ni." Baba ya ce, "Ɗan'uwa, ba haka ba ne." Liman ya fara jawo aya. Bai saurare su ba. Ya shimfiɗa bargonsa, ya sa rediyon da atamfar da ɗan takalmin, ya ƙulle, ya dafa bango ya miƙe. Ya ce ya karɓi ajiyarsa, ya yafe wa Iya duniya da lahira, sauran kowa ya ɗauki nasa. Ya nufi zaure.

Inna mace ce da ba a jin muryarta in akwai maza a tsakar gida. Tun da aka kawo ta gidan, ko sunan Kaka ba ta taɓa kamawa ba. Sai ga shi ta saki hannuna ta fito har tsakiyar tabarma.

"Baffan yara."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Wanne ne a cikin kayan nan zai shige ka? Ɗankwalin ko takalman?"

Ya gyara riƙon ƙullinsa.

"Babu wanda ya ba ka komai. Kai wa zai ba ka, da wannan halin naka? Na yarinya ne. Iya ta tara wa jikarta, mu kuma muka sa hannu, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a layin nan. Ba mu san garinku ba. Ba mu san fuskarta ba. A cikinmu kai kaɗai ka san ƙofar gidan. Saƙon mamaciya ne. In ba za ka kai ba, ka faɗa a gaban liman, sai mu san a wuyan wa ya kwana."

Ya juyo a hankali. Ya dubi liman, kamar mai neman a cece shi. Liman ya shafa gemu ya ce shi dai a saninsa, wanda aka aika bai ci sadaka ba, wahala ma aka ɗora masa. Kuma kuɗin mota a kan mai aike yake.

Baffa ya koma ya zauna a bakin tabarma. Ya ɗauki babban takalmin, ya juya shi, ya gwada tsawonsa da tafin hannunsa.

"Ta kai haka?"

"Ta kai," in ji Inna. "Wataƙila ma ta wuce."

"In na je na tarar uwarta ta yi wani auren fa? In yarinyar ba ta san ni ba?"

"Ba a aike ka don a san ka ba. Ka miƙa, ka ce daga kakarta ta Sabha."

A nan ne ya sa fuskarsa a cikin bargon. Muka koma kicin, Baba da liman suka fita zaure. Babu wanda ya leƙa.

Motar Agadas ta tashi bayan 'yan kwanaki, da safe, daga bakin gari. Irin manyan motocin nan ne da ake loda wa kaya har su fi gida tsawo, a rataye jarkokin ruwa a gefe, mutane su hau can bisa. Kwanakin da suka rage a zaurenmu ya yi su, don ya ce ba zai bar saƙon mutane ba mai gadi. Ƙunshi biyu ya yi, nasa daban, na aike daban, bai yarda an haɗa ba. Leburori huɗu suka ɗaga shi sama kamar buhu, yana zaginsu suna dariya. Da ya zauna ya gyara ƙafarsa, sai ya leƙo ya dubi Inna.

"Matar ɗan'uwa, kun yi mini wayo."

"Ba mu ba ne."

"Na sani. Ita ce. Tana kwance ma ba ta bar mutum ya zauna lafiya ba."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ya ja rawani ya rufe fuskarsa har ido. Motar ta yi ƙara ta kama hanyar kudu. Muka tsaya har ta zama ɗigo a cikin rairayi.

Har yau ba mu ji ko ya isa ba. Hanyar tana da nisa, ƙirjinsa kuma ba shi da ƙarfi. Duk motar da ta shigo daga kudu Baba yana zuwa tasha ya tambaya, shi da a da ba ya son a gan shi a cikin marasa takarda. Wani ya ce ya ga mai ɗingishi a Dirku yana faɗa da yaran mota kada su taka masa kaya. Mun riƙe wannan, don shi kaɗai muke da shi.

Ya Allah, baiwarKa ce, baƙuwa a ƙasar da ba tata ba, ta mayar wa kowa abinsa. Ka yalwata mata makwanci fiye da wanda ta bar wa kanta a duniya. Ka gafarta mata kaifin bakinta. Ɗan aikenta kuma, in yana hanya, Ka isar da shi.